Firam, Kyamara, Maganaɗisu ko Mutum-mutumi: Wace Na'ura Ce Ta Fi Kai Likita Inda Ya Nufa a Tiyatar Ƙwaƙwalwa?

Duk asibitin da ya kai matsayin yin tiyatar ƙwaƙwalwa, ko ba daɗe ko ba jima sai an kawo masa maganar sayen na'urar da ke nuna wa likita hanya a cikin kai. Wakilin kamfani zai zo da takardar talla wadda ta ce kuskuren na'urarsu bai kai milimita ɗaya ba, kuma sau da yawa wannan adadi gaskiya ne a wurin da aka auna shi, wato a ɗakin gwaji, a kan ƙoƙon kai na roba wanda ba ya motsi, ba ya kumbura, ba ya zubar da ruwa. Abin da shugaban asibiti, da likitan da zai riƙe wuƙa, da iyalin majiyyaci suke bukatar sani daban yake: idan an shafe awa uku ana aiki, allon kwamfuta ya ce tsinin kayan aikin yana bakin ƙari, nawa ne nisan da ke tsakanin wannan magana da ainihin inda tsinin yake? A kan wannan tambaya ya kamata a kwatanta na'urorin, domin a nan ne suka sha bamban.

Dukkansu a kan tushe ɗaya suke. Ana ɗaukar hoton CT ko na MRI kafin aiki, kwamfuta ta haɗa yankunan hoton ta gina siffar kan majiyyaci, sannan a ɗakin tiyata a daidaita wannan siffa da kan da ke kwance a kan gado, ta hanyar nuna wa kwamfutar wasu alamomi da take iya gani a hoto kuma likita yake iya taɓawa a jiki. Daga nan duk inda aka kai tsinken nuni, allo zai nuna wurin a kan hoto. Kuskure yana iya shigowa a kowane mataki: a hoton kansa, a daidaitawar, a idon na'urar da ke bin tsinken, sannan a canjin da ƙwaƙwalwa take yi bayan an buɗe kai.

Akwai adadin da na fi so mai karatu ya yi hattara da shi. Da zarar an gama daidaitawa, na'urori da yawa suna fito da lamba a allo, misali milimita 1.2, ko su nuna alamar kore, kuma hankali yakan kwanta. Wannan lamba tana faɗin yadda alamomin da aka taɓa suka dace da takwarorinsu na hoto ne kawai. J. Michael Fitzpatrick na Jami'ar Vanderbilt a Amurka, tare da abokan aikinsa, sun yi lissafin wannan al'amari a 1998, kuma a 2009 ya nuna cewa ƙanƙantar wannan lamba a aiki guda ba ta tabbatar da ƙanƙantar kuskure a wurin da ake nufi ba. Abin da lissafin ya nuna yana rage kuskure shi ne yawan alamomi, da warwatsa su a kewayen kai, da kasancewar wurin da ake nufi kusa da tsakiyarsu. Idan aka cunkushe alamomi a goshi alhali ƙarin yana ƙeya, lamba za ta yi kyau a allo, amma ɗan karkacewar da ba a ji ba a goshi sai ta girma kafin ta isa ƙeya, kamar yadda ɗan gocewar hannun mai riƙe da doguwar gora yake zama babba a ƙarshenta.

Mafi tsufa a cikin hanyoyin shi ne firam, wato zoben ƙarfe da ake ɗaurewa a ƙoƙon kai da ƙusoshi huɗu. Victor Horsley da Robert Clarke sun bayyana irinsa a Landan a 1908 don gwaji a kan dabbobi, Ernest Spiegel da Henry Wycis suka kawo shi ga mutane a Filadelfiya a 1947, sannan Lars Leksell na ƙasar Suwidin ya fito da nasa mai baka a 1949, wanda har yau ake amfani da jikokinsa. Ƙarfinsa a bayyane yake: majiyyaci yana shiga na'urar hoto da firam a kansa, saboda haka alamomin ba sa zamewa, kuma bakan ƙarfen shi ne yake riƙe allura a kan layin da aka lissafa, hannun mutum ba ya karkatar da ita. Duk da haka ba a ce ba ya kuskure ba. Robert Maciunas da abokansa sun gwada firam iri huɗu a 1994 da dubban ma'aunai, suka ga cewa kuskuren da ake samu a aikace ya fi wanda ƙarfen kansa yake da shi, kuma yana ƙaruwa idan yankunan hoton CT sun yi kauri. A aikin yau da kullum, da hoto mai kyau da hannu mai kula, ana maganar milimita ɗaya zuwa biyu.

Inda firam ya gaza shi ne faɗin amfani. Yana kai allura ko waya wuri ɗaya ta layi ɗaya, amma ba ya bin likita yana nuna masa inda yake a lokacin da yake zagaya ƙari yana cirewa, kuma ƙarfen yana tare hanya idan za a buɗe kai sosai. Ɗaura shi yana da zafi, ko da an kashe wurin da allura, kuma bai dace da jarirai masu taushin ƙoƙon kai ba. Amma idan aikin shi ne dasa waya a ƙwayar da ke can cikin ƙwaƙwalwa don rage karkarwar cutar Parkinson, irin aikin da Alim-Louis Benabid da Pierre Pollak suka shahara da shi a Girenobul ta Faransa tun 1987, wurin da ake nema bai wuce 'yan milimitoci ba, kuma gocewar milimita biyu tana iya sa wayar ta taɓa hanyar da ke kula da magana ko motsin ido. A irin wannan aiki, firam ne ma'aunin da ake gwada sauran da shi. Ga mai ƙaramin kasafi kuma, yana da wata fa'ida da ba a cika ambata ba: ƙarfe ne da ke shekaru yana aiki, ba shi da kyamarar da za ta lalace.

Na biyu, kuma wanda ya fi yaɗuwa a duniya, shi ne mai kyamara. David Roberts na Dartmouth a Amurka ya nuna a 1986 cewa ana iya yin aikin ba tare da firam ba, Eiju Watanabe na Tokyo ya fito da hannun ƙarfe mai gaɓoɓi a 1987, daga baya kyamara ta maye gurbinsu. A yau StealthStation na kamfanin Medtronic da na'urorin Brainlab na birnin Munik a Jamus su ne aka fi gani. Kyamara mai ido biyu tana jefa hasken da idon mutum ba ya gani, ƙananan ƙwallaye masu ƙyalli da ke jikin kayan aiki suna mayar mata da shi, daga nan take lissafa inda tsini yake. Kyamarar kanta ba ta kuskuren da ya kai rabin milimita. Ba a nan gizo yake saƙa ba. Matsalar tana wajen daidaitawa, kuma hanyoyin daidaitawar ba ɗaya suke ba. Ƙananan ƙusoshi da ake ɗaurawa a ƙashin kai kafin hoto su ne mafi inganci, har suna kusantar firam. Alamomin da ake mannawa a fata suna biye, sai dai fata tana zamewa, musamman idan an ɗauki hoto majiyyaci yana rigingine sannan aka kifa shi a ɗakin tiyata. Bin siffar fuska da tsinke ko da hasken leza shi ne mafi sauƙi da sauri, shi ya sa aka fi yin sa, amma shi ne ya fi rauni idan aikin yana bayan kai, saboda dalilin gorar da aka ambata.

Binciken da ya fi dacewa kowane mai saye ya sani shi ne wanda Lennart Stieglitz da abokan aikinsa suka yi a Ban ta ƙasar Siwizalan, aka buga a 2013, a kan majiyyata 55. Sun auna kuskuren a matakai, ba su tsaya a farkon aiki ba. Bayan daidaitawar farko, matsakaicin kuskure ya kai milimita 2.9. Shimfiɗa ƙyallayen da ake rufe majiyyaci da su kaɗai ya kawo gocewa ta kusan milimita 2.7, ƙarfen da ke buɗe fata ya kawo 1.2, yanke ƙashi ya kawo 1.0. Lokaci ma yana ci: gocewar da take milimita 1.3 bayan rabin awa ta kai 4.4 bayan awa biyar da rabi. Duk wannan kafin a yi maganar motsin ƙwaƙwalwa kanta, kuma abin tsoron shi ne allo ba ya nuna alamar cewa wani abu ya canja. Sandar da ke riƙe da ƙwallayen tushe, waɗanda kyamara take sanin matsayin kai da su, ita ce ta ɗan karkata, ko kai ya ɗan zame a cikin maɗaurinsa, amma hoton yana nan tsaf kamar dā. Wannan na cikin abin da ya sa hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi a 2017 game da kurakuran irin waɗannan na'urori, inda ta bukaci likitoci su riƙa maimaita gwaji a kan wuraren jiki da suka sani a tsawon aikin, tana mai cewa amfanin na'urorin ya fi haɗarinsu idan an bi ƙa'ida.

Na uku shi ne mai maganaɗisu, kamar tsarin AxiEM na Medtronic. Ana ajiye wani akwati kusa da kai yana samar da filin maganaɗisu, ƙaramar waya naɗaɗɗiya da ke bakin kayan aiki tana faɗa wa kwamfuta inda take. Idan aka gwada shi da mai kyamara a yanayi mai kyau, kusan kunnen doki suke, ko da yake ƙarfe da wasu kayan lantarki suna iya murɗa filin su jawo kuskure. Fifikonsa ta wata fuska yake. Ba ya bukatar kyamara ta hango kayan aiki, saboda haka mataimaki ko madubin tiyata ba sa tare shi. Yana bin ainihin bakin bututu mai lanƙwasa, maimakon ya lissafa daga gindinsa. Sannan ba dole ba ne a ɗaure kai da ƙusoshi, domin ana manna alamar tushe a fatar goshi ta riƙa motsi tare da kan. Wannan na ƙarshe shi ne ya sa ya dace da jarirai.

A nan maganar ta shafe mu kai tsaye, domin taruwar ruwa a kan yara na cikin manyan ayyukan da likitocin ƙwaƙwalwa suke yi a ƙasashenmu, kuma sa bututun da zai janye ruwan yawanci da ido da ƙwarewar hannu ake yin sa. Wani bincike daga Jami'ar Michigan da aka buga a 2013, a kan majiyyata 249, ya samu cewa bututun ya sauka daidai a kashi 55 cikin ɗari idan da hannu kawai aka sa, kashi 88 idan da na'urar nuna hanya, kashi 89 idan da sikanin na sauti, irin wanda ake yi wa masu juna biyu. A lura da kyau: sikanin, wanda kuɗinsa bai kama ƙafar na sauran ba, bai gaza na'urar mai tsada ba a wannan aikin.

Na huɗu shi ne mutum-mutumi, wato hannun ƙarfe da kwamfuta ke sarrafawa, kuma ba sabon abu ba ne kamar yadda ake zato, domin tun 1985 aka yi amfani da hannun masana'anta mai suna PUMA wajen ɗauko samfurin ƙari a Long Beach ta Kalifoniya. Waɗanda aka fi sani yanzu su ne Neuromate na kamfanin Renishaw da ROSA, wanda Bertin Nahum, injiniyan Faransa haifaffen Dakar, ya ƙirƙiro, kamfanin Zimmer Biomet ya saye a 2016. Hannun ba ya gajiya, ba ya rawa, ba ya karanta lamba a juye. A asibitin Cleveland Clinic, rahoton 2016 kan majiyyata 100 masu farfaɗiya da aka dasa wa wayoyin bincike da ROSA ya ba da kuskuren milimita 1.2 a mashiga da 1.7 a wurin da ake nufi. Wannan yana da kyau, amma bai fi firam nesa ba. Ribar ita ce saurin dasa wayoyi goma ko fiye a zama ɗaya. Kuma mutum-mutumi yana gadar duk kuskuren daidaitawar da aka ba shi, sai ma ya aiwatar da shi ba tare da shakka ba. Asibitin da ba shi da sashen tiyatar farfaɗiya mai yawan aiki ba shi da dalilin fara sayayya daga nan.

Duk hanyoyin nan huɗu suna da ciwo guda, kuma shi ne ya fi kowanne girma: hoton da suke dogara da shi na jiya ne, ƙwaƙwalwar kuwa ta yau ce. Da zarar an buɗe fatar da ke lulluɓe da ita, ruwa yana zuba, nauyi yana janyo ta ƙasa, magungunan rage kumburi suna sa ta noƙe, wani lokaci kuma ta kumburo waje. Idan aka fara cire ƙari, ramin yana ruftawa, bangonsa yana matsowa. Roberts ɗin da aka ambata ya auna wannan a 1998, ya samu saman ƙwaƙwalwa yana gocewa kimanin santimita ɗaya a matsakaici, yawanci ta inda nauyi yake ja. Christopher Nimsky da abokansa a Erlangen ta Jamus sun ga gocewa har milimita 24 a saman ƙwaƙwalwa a 2000. Wanda ya sa wannan adadi kusa da rabin milimitar da kamfanoni suke gasa a kai zai gane inda ya kamata hankali ya koma. Gocewar ba ta da yawa a ƙarin da ke manne da ƙashin gindin kai, ko a aikin da ake bi ta hanci, ko idan ƙaramin rami kawai aka huda don allura, shi ya sa na'urorin suke riƙe amincinsu a waɗannan ayyuka. A babban ƙari mai taushi da ke cikin naman ƙwaƙwalwa kuwa, na'urar tana da amfani wajen tsara inda za a yanka da hanyar shiga, amma a daidai lokacin da aka fi bukatarta, wato wajen sanin ko an kai iyakar ƙarin, ta riga ta tsufa. Gwajin da Peter Willems da abokansa suka yi a Utrecht ta ƙasar Holan, wanda aka buga a 2006 kan majiyyata 45, bai samu cewa na'urar ita kaɗai ta ƙara yawan ƙarin da ake cirewa ba. Gwajin ƙarami ne, amma darasinsa ya yi daidai da abin da ma'aunai suka nuna.

Maganin wannan shi ne sabunta hoto ana cikin aiki, kuma a nan zaɓi biyu ne suke fuskantar juna. MRI na cikin ɗakin tiyata, wanda asibitin Brigham and Women's na Boston ya fara a tsakiyar shekarun 1990, shi ne mai hoto mafi kyau. Christian Senft da abokansa a Frankfurt sun buga gwaji a 2011 inda aka cire ƙari gaba ɗaya a kashi 96 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa da shi, a kan kashi 68 na waɗanda aka yi wa ba da shi ba. Sai dai yana bukatar ɗaki na musamman, da kayan aikin da maganaɗisu ba ya ja, da wutar da ba ta yankewa, kuma kowane ɗaukar hoto yana tsayar da aiki na tsawon lokaci, saboda haka ba a yin sa sai sau ɗaya ko biyu. Sikanin na sauti, wanda Geirmund Unsgård da injiniyoyin Trondheim a ƙasar Norwe suka haɗa da na'urar nuna hanya, yana ba da sabon hoto cikin 'yan mintuna, ana iya maimaitawa sau da yawa, kuma kuɗinsa kaɗan ne idan aka kwatanta. Rauninsa shi ne karanta hoton yana son horo mai tsawo, kuma hoton yana dagulewa a ƙarshen aiki saboda jini da iska a cikin rami. A ganina, ga yawancin asibitoci wannan rauni ne da horo yake ragewa, alhali tsadar MRI ba ta raguwa da horo. Akwai kuma maganin 5-ALA da majiyyaci yake sha kafin aiki, wanda ke sa mugun ƙari ya yi haske ja-ja a ƙarƙashin shuɗin hasken madubi. Gwajin Walter Stummer na 2006 ya samu cikakkiyar cirewa a kashi 65 cikin ɗari na waɗanda aka ba maganin, a kan kashi 36 na waɗanda ba a ba su ba. Shi gocewa ba ta dame shi ba, tunda naman da ke gaban ido yake nunawa, amma a ƙari mai tsananin muni ya fi aiki.

Akwai abin da ke gaban duk wannan, wanda takardar talla ba ta faɗa. Na'urar ba ta karanta fim ɗin da majiyyaci ya zo da shi a cikin ambulan. Tana bukatar asalin bayanan hoton a faifai ko ta waya, yankuna sirara kamar milimita ɗaya, babu giɓi a tsakaninsu, kuma hoton ya haɗa da hanci da kunnuwa idan da fuska za a daidaita. MRI yana nuna nama da kyau amma yana iya ɗan murɗe siffa, CT ya fi riƙe ma'auni daidai, shi ya sa ake haɗa su biyun a aikin da ke son tsananin daidaito. Asibitin da sashen hotonsa ba ya iya ba da wannan a kowane mako, ko wanda ba shi da tabbacin samun ƙwallaye masu ƙyalli da wayoyin maganaɗisu da ake yarwa bayan amfani, ko wanda injiniyan gyara yake wata ƙasa, zai sayi abin da zai ƙare a lulluɓe a lungu.

Idan aka tambaye ni tsarin sayayya, zan fara da duba littafin ayyukan shekarar da ta wuce. Inda mafi yawan aikin ƙari ne da raunin kai da taruwar ruwa, sikanin na sauti mai kyau da ƙananan kawunan ɗaukar hoto da ke shiga ramin ƙashi shi ne na farko, sai na'ura mai kyamara, kuma zai fi kyau a zaɓi wadda take karɓar hoton sikanin ta kuma yarda a ƙara mata maganaɗisu. Inda yara suka fi yawa, maganaɗisu ya riga kyamara. Inda ake son ɗauko samfuri daga wuri mai zurfi kusa da jijiyoyin jini, ko fara aikin Parkinson, firam da CT mai kyau sun wadatar. A ƙari mai girman santimita biyu ko fiye, bincike da dama bai ga bambanci mai yawa tsakanin firam da mai kyamara wajen samun samfuri mai amfani ba, don haka wanda yake da ɗaya ba sai ya ƙosa ya sayi ɗayan ba. Mutum-mutumi da MRI na ɗakin tiyata na cibiyar da ta riga ta mallaki sauran ne kuma take da yawan aikin da zai riƙe su.

Kafin a sa hannu a takardar saye, a nemi kamfani ya kawo na'urar a gwada ta da hoton da sashen asibitin ya ɗauka da kansa, a kuma rubuta horon ma'aikata da farashin kayan da ake yarwa na shekaru masu zuwa a cikin yarjejeniya. A ɗakin tiyata kuma, ya zama doka cewa bayan daidaitawa a taɓa karan hanci, da kusurwar ido, da gaban kunne ta kowane ɓangare a ga ko allo ya yarda; a huda ƙananan alamomi uku ko huɗu a ƙashi a gefen inda za a yanke, a adana su a kwamfuta kafin a ɗaga ƙashin; sannan a koma a taɓa su bayan an yanke ƙashin, da duk lokacin da aka motsa gado, da kafin a taɓa duk wani nama da ke kusa da hanyar magana ko ta motsi.